Zane A Matsayin Shaida: Yadda Yahudawa Ke Tuna Kisan Ƙare-Dangi

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. To amma idan waɗanda suka gani suka ƙare, da idon wa na baya za su gani? Wannan tambaya ce ke gaban Yahudawa, shekaru fiye da 80 bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda a cikinsa gwamnatin 'yan Nazi ta Jamus da 'yan kanzaginta suka hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6. Waɗanda suka tsira sun tsufa, kullum raguwa suke yi, nauyin ba da shaida yana komawa kan zane da sassaƙa.

Shi kansa harshe sai da ya yi lalube kafin ya raɗa wa abin suna. Kalmar Holocaust daga Girkanci take, asalin ma'anarta hadayar da aka ƙone ƙurmus, shi ya sa wasu ke ƙyamarta, domin kisan gilla ba ibada ba ne. A Ibrananci Shoah ake cewa, wato masifa. Masu jin Yiddish kuwa suka ce Khurbn, kalmar da suke kiran rushewar Haikalin Ƙudus da ita. Kowane suna yana ɗauke da tasa fassarar, kuma haka hoto yake.

Mafi yawan hotunan da aka ɗauka a lokacin kisan, Jamusawa ne suka ɗauke su. Mai kallonsu, ko bai so ba, da idon makashi yake kallo. A nan zanen waɗanda aka zalunta ya sami daraja. A 1943, Felix Nussbaum, yana ɓoye a Beljiyam, ya zana kansa tsaye a gindin doguwar katanga, da tauraro ruwan ɗorawa a jikin kwat ɗinsa, yana miƙo katin shaida mai tambarin "Bayahude". Ya ƙura wa mai kallo ido, har mutum ya ji kamar shi ne ɗan sandan da ya tare shi. A 1944 aka kashe Nussbaum a sansanin Auschwitz.

A sansanin Terezin da ke ƙasar Czech, malama Friedl Dicker-Brandeis ta koya wa yara zane. Kafin a kai ta Auschwitz a 1944, ta bar zane fiye da 4,000 a cikin akwatuna biyu. Akwai gidaje da furanni da iyali a bakin abinci, da yawa ɗauke da sunan yaron da ya zana. Akasarin yaran ba su tsira ba, kuma zanen nasu yana gidan tarihin Yahudawa na birnin Prague.

Bayan yaƙi, sai magana ta koma kan me ya kamata a tuna. Gunkin da Nathan Rapoport ya sassaƙa a Warsaw ta ƙasar Polan, wanda aka buɗe a 1948, fuska biyu gare shi. A gaba, jaruman tawayen unguwar Yahudawa na 1943 ne, riƙe da makamai. A baya kuwa, jerin tsofaffi da mata da yara, kawunansu a sunkuye, ana kora su. Tsarin ya nuna wanda aka fifita. Sabuwar ƙasar Isra'ila ma jarumin ta fi so, har ranar tunawarta ta haɗa masifa da jarumtaka a suna guda. Sai da aka yi shari'ar Adolf Eichmann a 1961, inda shaidu sama da 100 suka yi bayani, sannan muryar wanda ya sha wahala kurum ta sami masu saurare sosai.

A Jamus kuma hanyoyi biyu suka fito. Peter Eisenman ya jera tubalan kankare 2,711 a tsakiyar Barlin, aka buɗe a 2005, babu suna ko fuska a jikinsu, mai shiga tsakaninsu yakan ji ya ɓace. Shi kuwa Gunter Demnig ƙananan duwatsu masu fuskar tagulla yake dasawa a ƙofar gidan da mutum ya zauna na ƙarshe cikin 'yanci, kowanne da suna da shekarar haihuwa da makoma. A 2023 adadinsu ya kai 100,000 a faɗin Turai. Duk da haka, majalisar birnin Munich ta hana dasa su a kan titunanta, bayan shugabar Yahudawan garin, Charlotte Knobloch, ta ce hakan tattaka sunayen mamata ne. Ashe ko a tsakanin magada babu ijma'i.

Mai karatu zai lura cewa tunawar al'umma ginawa ake yi, kuma mai riƙe da alƙalamin zane yana da hannu a ginin. Dubban ɗaruruwan 'yan ƙabilun Roma da Sinti ne suka mutu a hannun 'yan Nazi, amma sai a 2012 aka buɗe musu wurin tunawa na ƙasa a Barlin, kuma Dani Karavan, Bayahude ɗan Isra'ila, shi ya tsara shi. Shekaru 67 ke nan suna jiran a tuna da su.