Daga gidan gajiyayyu zuwa asibiti: wa ya ci moriyar sauyin?

Da aka samu mai cutar Ebola a birnin New York a 2014, Bellevue aka kai shi, asibitin da ya faro a 1736 da gadaje shida a cikin gidan gajiyayyu. Aka yi ta yabo, wai tausayin Amurkawa ne ya mai da matattarar miskinai babban asibiti. Tausayi ya taimaka, amma buƙatar likitoci ce ta yi aikin.

A ƙarni na 19, mai hali a gidansa yake jinya, likita ya same shi har gado. Wanda ke kwance a gidan gajiyayyu kuwa, baƙo ɗan Ayalan ne, ko mashayi, ko tsohon da ba shi da kowa, kuma ba shi da bakin cewa a'a. A ƙirjinsa ɗalibai ke koyon sauraron numfashi, shi ake yi wa tiyata ana kallo, in ya cika ba mai neman gawa sai a feɗe ta. Shi ya sa da aka tashi gyara Bellevue, masu taɓin hankali da gajiyayyu aka kwashe zuwa tsibirin Blackwell, aka bar masu ciwon da za a koyi wani abu a jikinsu. Kwalejin likitanci ta zo a 1861, keken dokin ɗaukar majinyata a 1869.

Masu ganin akasin haka suna kafa hujja da Louisa Lee Schuyler da matan da suka fallasa ƙazantar ɗakunan asibitin, har aka buɗe makarantar aikin jinya a 1873. Sun yi rawar gani, amma sun tarar da likitocin sun riga sun kafa gindi.

Illar dogaro da buƙatar likitoci ta bayyana bayan 1965, lokacin da shirye-shiryen Medicare da Medicaid suka fara biya wa tsofaffi da talakawa kuɗin magani. Asibitocin kuɗi suka buɗe musu ƙofa, ɗalibai suka bi su can. Asibitin Philadelphia General, wanda shi ma daga gidan gajiyayyu ya fito, aka rufe shi a 1977. Asibitin D.C. General na Washington ya daina kwantar da majinyata a 2001, ginin ya koma makwancin iyalai marasa gida har 2018. Bellevue yana nan ne saboda har yau Jami'ar New York a can take horar da likitocinta.