Yuri: katun ɗin Japan da ke gina labari a kan halin jarumansa

Masu bibiyar anime, wato fina-finan zane na ƙasar Japan, kan ci karo da kalmar "yuri" a jerin rukunonin da ake raba fina-finan. A yaren Japan sunan furen lili ne, amma a kasuwar littattafan zane da katun ana nufin labaran shaƙuwa da soyayya tsakanin mata. Da yawa kan ɗauka batsa ce zalla. Akwai masu hakan, kamar yadda ake samu a kowane rukuni. Sai dai waɗanda suka fi yin suna a cikinsu, abin da suka fi ba wa ƙarfi shi ne halin mutum: me yake tsoro, me yake ɓoyewa, kuma me zai sa ya canja.

Tushen abin ya girmi talabijin. A farkon ƙarni na 20, lokacin da makarantun ƴan mata suka yawaita a Japan, mujallu suka cika da labaran ƙawance mai zurfi tsakanin babbar ɗaliba da ƙarama. Marubuciyar da ta fi shahara a wannan fage ita ce Yoshiya Nobuko, wadda ta fara fitar da Hana Monogatari a 1916. Al'umma ta ƙyale waɗannan labarai bisa sharaɗi guda: abin na ƙuruciya ne, da an gama makaranta sai aure. Saboda haka yawancinsu da rabuwa ko mutuwa suke ƙarewa. Ita kanta Yoshiya ta zauna da abokiyar rayuwarta, Monma Chiyo, kusan shekara 50, kuma da yake doka ba ta san aurensu ba, sai ta mayar da ita ƴarta a takarda a 1957 domin ta iya gadonta.

Masu jin Faransanci za su lura da cewa Faransa tana yawan leƙowa cikin wannan tarihi. Littafin Shiroi Heya no Futari na 1971, wanda ake lissafawa cikin na farko a rukunin, a makarantar kwana ta Faransa labarinsa ya faru. Lady Oscar, mace da aka raina a matsayin namiji a fadar Versailles, ta fito a katun a 1979. A Maria-sama ga Miteru kuwa, wanda aka fara nunawa a 2004, da kalmar Faransanci ta "sœur" ɗalibai ke kiran wadda suka ɗauka a matsayin yaya ko ƙanwa.

Misalin da ya fi nuna yadda ake wannan gini shi ne Yagate Kimi ni Naru, wanda aka fi sani a waje da Bloom Into You. Nakatani Nio ce ta zana shi daga 2015 zuwa 2019 a littafi 8, kamfanin Troyca kuma ya mayar da shi katun mai kashi 13 a 2018. Babu mugu a labarin. Babu uba mai hana aure, babu kishiya, babu haɗarin da zai raba masoya a tsakiyar fim. Cikas ɗin duka yana cikin zukatan mutum biyu.

Koito Yuu yarinya ce da ta sha karanta littattafan soyayya tana jiran ranar da zuciyarta za ta buga. Da wani yaro ya furta mata so, ba ta ji komai ba, har ta fara zargin ko wani abu ya ɓace a halittarta. Nanami Touko kuwa ita ce ɗalibar da kowa ke yabo: ga ƙoƙari, ga kwarjini, ga shugabancin majalisar ɗalibai. Touko ta kamu da son Yuu, amma dalilinta ne ke ɗaure kai: tana son ta ne saboda Yuu ba ta iya son kowa. Har sharaɗi ta gindaya mata cewa kada ta taɓa son ta.

A hankali mai kallo ke gano dalili. Yayar Touko, Mio, ta rasu a haɗarin mota shekara 7 kafin nan, kuma tun daga ranar Touko ta ɗauki rayuwar marigayiyar ta yafa kamar mayafi. Ba ta ƙaunar ainihin kanta, don haka duk wanda ya ce yana son ta, a ganinta ko dai hoton Mio yake so, ko kuma yana son abin da ita ta tsana. Nan ne labarin ya yi tsauri, domin Yuu ta fara jin abin da ta daɗe tana jira, ga shi kuma faɗinsa zai iya kore wadda take so. Kusan rabin katun ɗin a kan wannan shiru yake tafiya.

Dabarar da ta fi burgewa ita ce wasan kwaikwayon da ɗaliban ke shiryawa. Touko ce za ta fito a matsayin yarinyar da ta manta ko ita wace ce, mutum uku kuma kowa na ba ta labarin kanta daban. Ana cikin atisaye wani tsohon abokin karatun Mio ya shaida wa Touko cewa yayarta ba cikakkiya ba ce yadda take zato, mai tura wa wasu aiki ce. Ashe shekara bakwai tana kwaikwayon wadda ba a taɓa yi ba. Yuu ce ta nemi a canja ƙarshen wasan, don kada yarinyar ta zaɓi ɗaya daga cikin labaran ukun, ta tsaya a kan wadda take yanzu.

Akwai kuma Saeki Sayaka, aminiyar Touko, wadda wata babbar ɗaliba ta taɓa rabuwa da ita da hujjar cewa abin nasu wasan yara ne. Ta bakinta marubuciyar ke mayar da martani ga tsohon sharaɗin zamanin Yoshiya. Ta ƙara da sako malama da mai gidan shan kofi, manyan mata biyu da ke zaune tare, abin da tsofaffin labaran ba su cika nunawa ba.

Wannan salo yana da tsadarsa. Wanda ya saba da faɗa da gudu zai ga kamar ba a yin komai, domin kashi guda kan iya ƙarewa a kan tafiya gida daga makaranta, ko tsayuwa a mashigar jirgin ƙasa. Katun ɗin ma ya tsaya kafin a nuna wasan kwaikwayon, sai mai son ƙarshe ya koma littafi. Kuma ba duk rukunin ke da wannan natsuwa ba: Citrus, wanda ya fito a shekarar 2018 ɗin, ya sha suka saboda yadda ya mayar da tilastawa kamar soyayya.

Su kansu kamfanoni har yanzu takatsantsan suke yi. A 2023, bayan an kammala Gundam: The Witch from Mercury, wanda ya ƙare da Suletta da Miorine sanye da zobe, an goge maganar aurensu daga wata hira a mujalla, kamfanin Bandai Namco ya ce ya bar wa masu kallo su fassara. Magoya baya sun fusata, domin sun bi mutanen nan biyu har kashi 24. Dokar ƙasar Japan ba ta amince da auren jinsi ɗaya ba, ko da yake wata kotu a Sapporo ta yanke a 2021 cewa hanin ya saɓa wa kundin tsarin mulki.