Sanya wa tsohon injin dizal agogon zafi

A watan Afrilu zafin Haɗeja kan haura digiri 40, ga ƙura tana toshe lagireto. Tsofaffin taraktocin Massey Ferguson da ke huɗar gonakin shinkafa a Auyo da fadamun kogin Haɗeja, da yawansu agogon zafinsu ya daɗe da mutuwa, sai gasket ya ƙone direba ya ankara.

Gyaran ba shi da tsada. Agogon yana aiki ne da wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a kan injin, bakinta cikin ruwa. A sayi su biyun tare, domin na'urar wani kamfani kan sa agogon wani ya yi ƙarya. A duba kuma ko na volt 12 ne ko 24.

Wurin ɗaurawa shi ne kafin bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto, inda ruwan ya fi zafi. In zaren ramin bai dace ba, bakanike ya nemo mahaɗi, kada a tilasta. Na'ura mai waya ɗaya ta jikin injin take kammala zagayen wuta, don haka kada a cika naɗa mata tef.

Lafiyayyen inji yakan tsaya tsakanin digiri 80 da 90. In allura ta doshi 100, a tsaya a duba ruwa da bel.