Birkin da Ke Bakin Igwa



Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga ranar hawan sallah ya ga yadda bindiga ke tokarin kafaɗar mai ita idan ta tashi. To ina ga igwa? Ku ɗauki D-30, wadda Tarayyar Sobiyet ta fito da ita a farkon shekarun 1960, sojojin Najeriya ma suna da ita. Harsashinta ya kusa kilo 22, tana cilla shi nisan kilomita 15. Yadda albarushi ya ingiza harsashin gaba, haka yake ingiza igwar baya.

In kun taɓa ganin hotonta, akwai wani dunƙulen ƙarfe mai tsage-tsage a bakin bututun. Ba ado ba ne, birki ne.

Da zarar harsashi ya fice, hayaƙi mai zafi na biye da shi a guje, shi ma yana ƙara wa tokarin ƙarfi. Sai ya ci karo da bangayen da ke cikin dunƙulen nan. Wannan karon shi ke fizgo bututun gaba daidai lokacin da yake ƙoƙarin ja da baya, hayaƙin kuma ya watse ta tsagogin gefe. Wato da hayaƙin igwar ake tare igwar. A D-30, kusan rabin tokarin a nan yake mutuwa, sauran kuma na'urar mai da iska da ke manne da bututun ta shanye shi. Shi ya sa aka iya ɗora ta a kan ƙafafu uku marasa nauyi sosai, babbar mota ta ja ta. Ta bakin nan ma ake ɗaura ta a motar.

Sai dai sauƙin da ƙarfe ya samu, mutum ne ke biya. Ƙarar da a da ke wucewa gaba yanzu kan masu harbi take dawowa, ta doki ƙirji, ta ci kunne a hankali. Ga ƙurar da ke turnuƙewa, musamman a busasshiyar ƙasa irin ta yankin Tafkin Chadi, ta tona wa abokan gaba inda igwar take. Ni dai ina ganin ba a cika sa wannan a lissafi ba in ana yabon makami.

Manyan tankoki na zamani, irin su Abrams na Amurka, ba su da wannan birki. Nauyinsu ya haura tan 60, jikinsu ya isa ya shanye tokarin.