A Bar Bilyaminu Da Sunansa

Watan jiya na je suna a unguwarmu. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida tun da sassafe, an raba goro da dabino, rago yana ɗaure a gindin darbejiya, wanzami na gefe da zabirarsa yana jira. Uban jariri ya sunkuya ya raɗa wa liman, liman ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Bilyaminu. Ba a kai ga shafa fatiha ba sai wani matashi ya taso da waya a hannu, ya tsuguna gaban kakan yaron ya ce, "Baba, a dai sake shawara. Wannan fa sunan Firaministan Isra'ila ne. Ga wani malami nan ya ce bai halatta ba." Ya kunna wani saƙon murya da aka turo masa a WhatsApp. Da aka tambaye shi wane malami ne, sai ya ce shi ma turo masa aka yi.

An fi rabin sa'a ana ka-ce-na-ce, mahauci riƙe da wuƙa. Labari ya shiga cikin gida, maijego ta fashe da kuka, don sunan mahaifinta ne da ya rasu tana da cikin. Daga ƙarshe liman ya tsawatar, aka yanka rago da sunan. Amma wannan shi ne karo na uku da na ci karo da maganar tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoba na 2023, kuma na gaji.

Sunan dai asalinsa Ibrananci ne, babu musu. Kalmomi biyu aka haɗa: "ben", wato ɗa, da "yamin", wato hannun dama. Wanda ya taɓa zama a makarantar allo zai ji kamar Larabci, kuma bai yi kuskure ba, don harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne. Bahaushe ma idan ya ce wane na hannun daman sarki ne, ai ka san matsayin da yake nufi. Akwai fassara ta biyu, "ɗan kudu", saboda mutanen wancan yanki gabas suke fuskanta idan za su ambaci kusurwa, sai kudu ta faɗo a damansu. Daga wannan saiwar ake danganta sunan ƙasar Yaman. A kangon birnin Mari da ke gaɓar kogin Furatu a Siriya, wanda Faransawa suka fara tonawa a 1933, an samu allunan yumɓu na wajen ƙarni na 18 kafin haihuwar Annabi Isa da ke kiran wasu ƙabilun makiyaya da irin wannan suna, 'ya'yan dama, ga kuma takwarorinsu 'ya'yan hagu. Rashi, malamin Yahudawa da ya rasu a Faransa a 1105, ya kawo har da fassarar "ɗan kwanaki", wato ɗan da aka samu da tsufa. Mu kuma da sunan ya zo bakinmu sai "n" ta koma "l", kamar yadda Jibrilu da Jibrin suke musayar haruffan nan biyu.

To, wa ya fara amsa sunan? Autan Annabi Yaƙubu, ƙanen Annabi Yusuf uwa ɗaya uba ɗaya. Littafin Farawa ya ba da labarin cewa mahaifiyarsu Rahila ta rasu wajen haihuwarsa a kan hanya, kusa da Baitalami. Kafin ranta ya fita ta kira shi Ben-oni, ɗan baƙin cikina. Uban bai yarda yaro ya tashi yana ɗauke da mutuwar uwarsa a sunansa ba, sai ya sauya masa. Duk lokacin da na tuna wannan nakan ce, tun ran farko ma gyaran suna aka yi, aka ɗauke na baƙin ciki aka sa na alheri.

Alƙur'ani bai ambace shi da suna ba, ɗan'uwan Yusuf kawai yake ce masa, amma manyan masu tafsiri irin su Ɗabari da Ibn Kasir sun faɗi sunan ƙarara. Duk wanda ya zauna tafsirin azumi aka zo Suratu Yusuf ya san shi. Shi ne wanda Yusuf ya ce wa yayyensa kada su dawo awon hatsi Masar sai da shi. Shi ne wanda Yaƙubu ya ƙi saki sai da suka yi masa rantsuwa. Shi ne wanda Yusuf ya ja gefe ya bayyana masa kansa, aka kuma sa ma'aunin sarki a cikin kayansa don a samu dalilin riƙe shi. Ba ya cikin waɗanda suka jefa Yusuf a rijiya. Masu tafsiri sun ce Ɗalutu, sarkin da aka ambata a Suratul Baƙara, daga zuriyarsa ya fito. Wannan bawan Allah ne ake so mu ƙyamaci sunansa saboda wani ɗan siyasa da aka haifa a Tel Abib a 1949?

Ni ma abin da ake yi wa Falasɗinawa yana ci mini rai, kuma ban ga laifin wanda ya ji zafin Benjamin Netanyahu ba. Sai dai a bi hujjar nan zuwa ƙarshenta a ga inda za ta kai mu. Firaministan Isra'ila na farko a 1948 sunansa David Ben-Gurion, wato Dauda. Na biyu Moshe Sharett, wato Musa, haka ma Moshe Dayan, ministan tsaronsu a yaƙin 1967. Yitzhak Shamir da Yitzhak Rabin duk Isiyaku ne. Ashe sai mu tara duk Dauda da Musa da Isiyaku na ƙasar Hausa mu sake yanka musu raguna? Ita kanta kalmar Isra'ila ai sunan Annabi Yaƙubu ce, da ita Alƙur'ani ya kira shi. Mu dawo gida ma. Abubakar Shekau ya yi shekaru yana zubar da jinin mutanenmu, ban ji gidan da aka fasa sa wa yaro Abubakar ba, don kowa ya san Siddiƙu ake yi wa takwara. Me ya sa hankalin da ya yi mana aiki a can ya ƙi yi a nan?

Wasu kuma sukan ce matsalar ita ce sunan ba Larabci ba ne. Ibrahim fa? Isma'ila, Yusuf, Haruna, Zakariyya, Maryam? Malaman nahawu da kansu suna lissafa waɗannan cikin sunayen ajami, waɗanda suka shigo Larabci daga wani harshe. Manzon Allah (SAW) ya sa wa ɗansa Ibrahim. Abdullahi bin Salam malamin Yahudawan Madina ne kafin ya musulunta, kuma Annabi da kansa ya raɗa wa ɗansa suna Yusuf. Sunayen da aka ruwaito ya sauya, ma'anarsu ya duba: ya mai da wata mai sunan da ke nufin mai saɓo zuwa Jamila, ya mai da Barra zuwa Zainab. Harshen da sunan ya fito bai taɓa zama ma'auni ba. An yi saɓani kan ko 'yan'uwan Yusuf annabawa ne, shi ya sa ban ce Annabi Bilyaminu ba. Amma ɗan annabi ne, jikan annabi, ƙanen annabi. Turkawa Musulmi suna cewa Bunyamin, Kiristocin Arewa suna karanta Biliyaminu a Littafi Mai Tsarki na Hausa, a masarautar Dass ta jihar Bauchi kuwa sunan yana gidan sarauta. Lokacin da Amru bin Asi ya ci Masar, shugaban cocin Kibɗawa sunansa Binyamin, yana ɓoye saboda Rumawa, Amru ya ba shi aminci ya dawo kan kujerarsa.

A Turai sunan ya bazu ne bayan ƙarni na 16, sa'ad da Furotesta suka koma tsamo sunaye daga Tsohon Alkawari. Benjamin Disraeli ya yi Firaministan Birtaniya sau biyu, Benjamin Harrison ya shugabanci Amurka daga 1889 zuwa 1893, Benjamin Mkapa ya mulki Tanzaniya daga 1995 zuwa 2005. A Amurka ya shiga sunayen maza goma da aka fi sa wa jarirai a 2015, shekara guda bayan nan ya hau na shida. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko sun san cewa a Faransanci kalmar "benjamin" ita ce auta. Wani abin dariya, ɗan canjin Wapa da zai yi tir da sunan yana kwana da Bilyaminu biyu a aljihu: Benjamin Franklin a kan dala 100, da Nnamdi Benjamin Azikiwe, haifaffen Zungeru a 1904, a kan naira 500. Ban ga wanda ya yar da su ba.

Rashin karatun tarihi na cikin abin da ya jawo wannan ƙyamar sunan, da kuma son a ce wane ya fi kowa kishin addini.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Maigida, kana da kwana bakwai cur tsakanin haihuwa da suna, ban da wata tara na ciki. Idan kana da shakka kan wani suna, ka taka ka je wurin malamin da ka san fuskarsa da inda ya yi karatu, ka tambaye shi ma'anar sunan da wanda ya fara amsa shi. Saƙon muryar da ba a san mai shi ba, kada ya zama shi ne muftin gidanka. Ku yi shawara da maijego tun kafin ranar, musamman idan za a mayar da sunan wani nata ne. Kai kuma mai gyara, in har kana ganin akwai gyaran, ka samu uban yaro a keɓe ana gobe suna. Tsayar da yanka a gaban surukai da maƙwabta tozarci ne, ko da kana da gaskiya, balle ba ka da ita.

Wanda ya riga ya girma da sunan kada ya bari a ruɗe shi ya ce zai sauya. Sauya suna a yau ba ragon suna kaɗai ba ne: akwai takardar rantsuwa a kotu, da sanarwa a jarida, da gyaran katin ɗan ƙasa, da na banki, da takardun jarrabawa, kowanne da layinsa da kuɗinsa. Abin da ya kamata iyaye su kula da shi ma shi ne rubutun. Sunan nan ana rubuta shi Bilyaminu, Bilyamin, Binyaminu, Bunyaminu, Bulyaminu. Na san yaron da harafi ɗaya ya bambanta tsakanin takardar haihuwarsa da ta sakandare, ya yi watanni yana zarya kafin ya samu shiga jami'a. Ku zaɓi rubutu ɗaya ranar da za a yi takardar haihuwa, ku riƙe shi a firamare da Islamiyya da asibiti da ko'ina.

Sai malaman makaranta. Wata maƙwabciyarmu ta gaya mini ɗanta mai shekara tara ya ƙi zuwa Islamiyya kwana uku, don 'yan ajinsu sun laƙaba masa Netanyahu, suna binsa da shi har bakin famfo. Malam, idan ka ji irin wannan a ajinka kada ka yi murmushi ka wuce. Ka zaunar da su ka buɗe musu Suratu Yusuf, ka nuna musu wanda yaron nan ya ci sunansa.