Allurar Ciwon Sukari da Zafin Bazara

Bayan haka, a sani cewa a Wurno da Rabah da Goronyo akwai masu ciwon sukari da ke yi wa kansu allurar insulin kullum, maganin da aka gano a Kanada a 1921. Babban maƙiyinsa zafi ne. Bazara kan haura digiri 40, ƙarfinsa ya ragu, alhali ido ba ya gani. Wanda ba shi da firji ya sa kwalbar a ƙaramar tukunya, ya girka ta cikin babba, da jiƙaƙƙen rairayi tsakaninsu, a inuwa. Falke kada ya bar ta gaban mota, kuma ya riƙe dabino, domin in sukari ya faɗi, jiri da makyarkyata ba sa sallama. Allah ya sawwaƙe.