TSOFAFFIN BINDIGOGI A ƘASAR HAƊEJIYA: GADO NE KO LAIFI?

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Salla a Haɗejiya ya san rugugin 'yan bindiga da hayaƙin da ke turnuƙe ƙofar fada. Bindigogin nan na ɗure ne, watau ta baki ake zuba musu albarushi. Irinsu ne kuma ke rataye a kafaɗun maharba a fadamun Baturiya da Guri.

Ba haka kawai ƙasarmu ta tsaya ga bindigar ɗure ba. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasel, inda suka taƙaita shigo da bindigogi masu cin harsashi cikin yawancin Afirka. Sakamakon haka ya bayyana a watan Afrilu na 1906, sa'ad da rundunar Kanar Lowry Cole ta auka wa Haɗejiya da igwa da bindigar Maxim. Sarki Muhammadu, wanda ake wa laƙabi da Mai Shahada, ya rasu a fagen fama tare da manyan jarumansa.

Su kuwa Ingilishi ba su yar da tsohuwar bindiga, sake ta suke yi. A 1866 suka fara mai da bindigar Enfield ta ɗure ta koma mai cin harsashi ta baya, aka kira ta Snider. Daga baya kuma suka riƙa sauya bututun Martini-Henry domin ta ɗauki harsashin .303, da yawansu aka rarraba wa sojoji da 'yan sandan ƙasashen da suke mulki. Irin waɗannan ne masu sha'awa a Amurka da Ingila ke tarawa, suna bin lambobin da ke jikinsu don gano shekarar ƙira da wurin sauyi.

A Nijeriya hannun mutum a ɗaure yake. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Ta ɗure, Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da lasinta. Ta farauta mai harsashi, Sufeto Janar. Amma bindigar soja mai awon.303 ko milimita 7.62 tana cikin haramtattu, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Ke nan magajin da ya tsinci bindigar kakansa, tsohon sojan Bama, a ƙarƙashin gado, ya gaji abin da zai iya kai shi gaban alƙali, ko da tsatsa ta cinye ta.

Wanda kuma ya ɗauke ta zuwa maƙera don a gyara ta ta ci harsashin zamani, ya haɗa laifi da ganganci. Ingilishi a masana'antun makamai suka yi nasu sauyin, kowane bututu sai an gwada shi da harbi mai ƙarfi kafin a buga masa hatimi.  Albarushin zamani, marar hayaƙi, matsinsa ya ninka, tsohon ƙarfe bai iya jurewa. In bututu ya fashe, yatsun maharbi da idonsa ke fara tafiya.

Abin takaici shi ne tsoron hukuma na iya sa magada su binne irin wannan kaya ko su jefa a kogi, alhali wurin da ya dace da su shi ne ɗakin tarihi kamar Gidan Makama na Kano. Ya kamata Majalisar Masarauta da 'yan sandan Jihar Jigawa su tsara hanyar karɓarsu, a toshe bututun, a rubuta sunan gidan da kowace ta fito.